Ranar da Aka Cece Ni a Ruwan Wara

A Yelwa ta wancan zamani, lokacin da komai namu sai an je Sakkwato, namiji mai hankali ba ya gudu sai da dalili. Ko gobara ta tashi, ko an yi ihun ɓarawo, ko sa ya ƙwace daga hannun mahauta. Ni kuwa malamin firamare ne, da albashina da kekena da ɗan gemun da na fara tarawa, amma kullum bayan sallar asuba sai in zura gajeren wando da takalmin kambas, in kama hanyar da ta bi gefen gulbi, in yi ta gudu har rana ta ɗaga, sannan in juyo in dawo inda na tashi hannu rabbana. Dawowar nan ita ta fi damun mutane. Da wani wuri nake zuwa, ko da ina dawowa da ƙullin gishiri ne, da sun yi mini uzuri.

Farkon farawata nakan waiwaya in ga wasu sun biyo ni da sanduna suna tambayar ina ya bi. Da aka gane babu kowa a gabana, babu kowa a bayana, sai aka bar ni da masu kifin bakin kasuwa, waɗanda ba su taɓa bari na wuce ba su yi mini sannu da aiki ba, da irin muryar da ake lallaɓa wanda kansa ya taɓu. Inna ta gaji da ba da amsa a gidajen suna. Daga baya ta samo wadda ta ishe ta, ta kan ce boko ne, haka yake yi wa wasu.

Abin da ba su sani ba, ko suka sani bai dame su ba, shi ne na iya abin. Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira yada-ƙanin-wani, tun ina kwalejin horon malamai nake yin sa, kuma a duk ƙasar Yauri babu wanda ya taɓa kai ni ƙarshe yana kusa da ni. A shekarar da nake magana aka ce bayan kaka za a tara mu a Sakkwato a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha a gasar ƙasa. Wanda aka zaɓa ya huta da alli da allo, gudun ne zai zama aikinsa. Mai horar da mu, wani tsohon soja marar ɓoye-ɓoye, ya gaya mini cewa shekaruna sun fara ja, ga yaran Zuru suna tasowa da ƙafafu kamar na barewa, don haka bana ce ko kuwa shi ke nan. Ina son abin nan har cikin raina. A lokacin ban taɓa son wata mace yadda nake son in ga kaina cikin rigar jiha ba.

A ƙarshen bazara tsautsayin ya same ni. Ruwa ya ja baya, shanun Fulani sun sauko cin ciyawar burgu sun tattake laka, rana ta gasa sawunsu ya zama ramuka masu tauri. Na sauka daga hanya don in kauce wa wata motar itace, ƙafata ta hagu ta faɗa ɗaya daga cikinsu, jikina ya wuce, ita ta tsaya. Kafin wani mai amalanke ya kawo ni gida gwiwar ta yi suntum.

Inna ta aika a kira maɗori. Na san hannunsa, duk abin da aka kai masa sai ya ja shi tukuna sannan ya tambayi inda ke ciwo, don haka kafin ya iso na sa an goya ni a keke zuwa asibiti. Likitan wani siririn Ba'indiye ne mai Hausar da sai ka kasa kunne, kuma shi kaɗai ne a garin bai tambaye ni abin da ya koro ni ba, don shi ma ya yi guje-guje yana saurayi. Ya latsa, ya lanƙwasa a hankali, ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta miƙe amma ba ta tsinke ba, in na yi haƙuri zan kai Sakkwato da ƙafata. Sai dai kada kowa ya ja ƙafar, kada ta murɗe, kuma kada in ƙara nauyi, don duk abin da ciki ya ɗauka gwiwa ce ke dakonsa. Numfashi kuma in an bar shi zaune guduwa yake yi. Ya ce in kumburin ya sauka in nemi ruwa mai zurfi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, in ɗaura abin da zai riƙe ni a tsaye, in yi gudu a ciki yadda nake yi a tudu. Na dube shi in ga ko wasa yake. Ya ce mu mutanen nan muna zaune kusa da magani ba mu sani ba.

Maganar nauyi ita aka fara karyawa, kuma ba ni na karya ta ba, jama'ar Annabi ce. A wurinmu ba a zuwa dubiya da baki kawai. Kuma ba a ajiye kwano a tafi, wadda ta kawo zama take yi ta naɗe ƙafa har ta ga loma ta shiga, ta ga ta biyu ta bi ta. Gwaggona ta zo da farfesun tarwada. Matar hedimasta ta aiko da tuwon shinkafa yana ninƙaya cikin man shanu, ta kuma biyo shi don ta tabbatar. Bafulatanar da ke kawo wa Inna nono ta ninka fura ba a roƙe ta ba. Iyayen ɗalibaina suka yi ta turo ƙwan zabi kamar an ce musu da shi ake cin jarrabawa. Kowace mai kwano tana da yaƙinin cewa nata ne ke tafiya kai tsaye zuwa gwiwa. Wata maƙwabciya ta kawo farfesun ƙafar saniya ta ce ƙafa ke gyara ƙafa. Na ce ai ƙafar saniyar ce ta jawo mini wannan, ta ce shi ya sa.

Inna ce mai gadi. Tana zaune bakin ƙofa da carbinta, ido ɗaya a kan baƙuwa, ɗaya a kan hannuna. Ranar da na ture wani akushi na ce likita ya hana ni ƙiba, ta bari sai da baƙuwar ta sunkuyar da kai, sannan ta matso.

“Ci, ka ji? So kaka yi a ce ɗana ya raina abincin mutane? Shi likitan ka dube shi da kyau? Awa tsinken tsire. Wa ka bin shawarar mai wuya hakan ga zancen abinci?”

Na ci. Na yi ta ci. Kumatu suka fito, masu dubiya suka fara yi wa Inna barka, wai ciwon nan ya karɓe ni, wai yanzu na yi kama da ma'aikacin gwamnati. Wani dattijon unguwa ya dube ni ido cikin ido ya ce wani ciwon rahama ne, tunda ga shi an samu na zauna wuri ɗaya kamar kowa. Na yi masa murmushi don ya girme ni, amma da ƙafata lafiya take da na tashi na bar masa ɗakin. Ranar da na gwada wandon guduna a ɓoye ya tsaya a cinya ya ƙi hawa, na san in na ƙara wata guda a gidan nan sai dai in je Sakkwato kallo.

Na ce wa Inna likita ya ce in sauya iska. Wannan ta yarda da shi, don ya yi kama da maganar mutane. Na karɓi hutun jinya na tafi wurin Kawu, ƙaninta, a wata tunga kusa da Wara, cikin gidajen nan masu rufin siminti da gwamnati ta gina wa mutane lokacin da aka datse gulbi, tafki ya cinye tsofaffin garuruwa. Kawu manomin albasa ne, ba shi da yawan magana. Matarsa kuwa, Allah ya jiƙan ta da rahama, marowaciya ce ta gasken gaske, tana auna tsaki kamar zinariya take aunawa. Ban taɓa jin daɗin rowar wani mahaluki kamar tata ba.

Kawu ya ce ba a shiga ruwan mutane ba sallama, ya kai ni wurin sarkin ruwan tungar. Na yi bayani iya iyawata. Tsohon ya saurara, ya tambaya ko kifi nake nema, na ce a'a. Ko wanka, na ce a'a. Ko ƙetarewa zan yi, nan ma a'a. Ya daɗe yana kallon Kawu da tausayi, sannan ya nuna mini wani lungu bayan duwatsu, mai zurfi, inda dorina ba ta zuwa, kada ma ba ya kwana. Ya sa aka gaya wa masuntan tungar cewa malamin nan yana da lalura, duk abin da aka ga yana yi a ƙyale shi. Kwanakin farko sukan taru kan duwatsu da taruna a kafaɗa suna kallo, har da masu kawo matansu. Da suka ga abin ba ya sauyawa, babu faɗuwa babu tashi, sai suka gaji suka koma neman abincinsu.

Ga yadda nake yi. Goruna biyu ƙanana nake ɗaurewa a ƙugu da igiyar rama, su nutse ƙarƙashin ruwa su riƙe ni a tsaye. Gwiwar in naɗe ta tam da bandeji. In yi iyo zuwa tsakiyar lungun, don ni ɗan bakin gulbi ne, na iya ruwa tun kafin in iya karatu, sannan in miƙe in fara gudu. Ƙafa na tafiya, hannu na tafiya, ƙirji na aiki, amma babu ƙasar da za ta buga wa gwiwa. Ruwan na ture ka ta ko'ina, kowane taku sai ka ƙwace shi da ƙarfi. Ina farawa a hankali, in ƙara, in ƙara, har in kai inda numfashi ke fita da ƙara, in sassauta, in sake. Ban taɓa ganin kaina daga waje ba, amma an ba ni labari: kai da kafaɗu kaɗai ake gani, baki a buɗe, ido a waje, hannuwa na dukan ruwa, mutum ba ya gaba ba ya baya.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan suna cikin mafi daɗin rayuwata. Babu mai yi mini sannu da aiki, babu akushi. Da safe ruwan yakan kwanta lumui, in ji bugun zuciyata a kunne, in riƙa hango hanyar Sakkwato a kaina, inda zan bari su wuce ni, inda zan fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Tumbin ya narke, wandon ya hau. Kumburi ya tafi. Na fara tafiya mai nisa a kan yashi, daga nan na fara sassarfa, gwiwar ba ta ce komai ba. Na je Yelwa likita ya gwada ta, ya yi dariya har na ga haƙoransa na ciki, ya ce in ci gaba da ruwan kaɗan, sannan in koma hanya. Mai horar da mu ya aiko direban wata mota ya ce mini ana jirana. Dawa ta fara fitar da kai, ruwa ya fara cikowa. Na soma yarda cewa abin zai yiwu, kuma na soma tsara irin kallon da zan yi wa dattijon nan mai zancen rahama.

Cikowar ruwan ce ta kawo su. Lungun nawa ba hanyar jirage ba ne, wani tsibirin ciyawa ya tare bakinsa. Da ruwa ya hau ya rufe ciyawar, sai wurin ya zama yanke ga mai zuwa kasuwar Wara daga arewa. Ranar kasuwa ce. Wasu Sarkawa masu bin kifi, da suka kafa zango can wajen Shanga, sun ɗauko banda cike da babban jirgi. Baƙi ne, babu wanda ya gaya musu akwai malami mai lalura.

Ina cikin mafi wuyar gudun, wurin da nake kwaikwayon shiga fili a ƙarshen tsere, sai na ji salati. Na juya. Jirgi ya nufo ni, mata a kan kwandunan kifi sun ɗora hannu a ka, maza na tuƙi kamar ana korar su, wani dattijo mai faɗin ƙirji a gaba ya riga ya tuɓe riga. Na ɗaga hannu don in nuna musu lafiya. A cikin ruwa ɗaga hannu ma'anarsa ɗaya ce, ba kuma ita nake nufi ba. Na buɗe baki na ce lafiya lau nake, motsa jiki nake yi, su bar ni. Da irin numfashin da nake da shi a lokacin, maganar gutsi-gutsi ta fito.

Ko da ta fito sarai ba za ta yi amfani ba. Mutanen nan suna da saninsu da suka gada, kuma ba su samo shi da wasa ba. A wurinsu wanda mutanen ɓoye na ruwa suka riƙe shi ne ke cewa a bar shi, ba bakinsa ba ne ke magana. Kuma ba a tunkarar mai nutsewa ta gaba, ba a miƙa masa hannu, don ƙanƙame ka zai yi ku tafi tare. Sai an fara kwantar masa da hankali. Wani saurayi ya kwantar mini da nawa da faɗin filafili a kafaɗa, har na ga taurari da rana tsaka. Dattijon ya faɗa ruwa ya ɓace, don ƙa'idarsu ta ƙasa ake bi a kama ƙafa a kifar da mutum, sannan a ja shi.

Jiƙaƙƙen jiki santsi gare shi. A duk jikina wuri ɗaya ne hannu zai kama ya zauna, shi ne inda na naɗa bandeji. Nan ya kama, da hannu biyu. Ya ja ƙasa don ya kifar da ni, gorunan suka ƙi, suka riƙe ni a tsaye. Ni kuma ina shure-shure da ɗayar ƙafar ina neman ƙwatar gwiwata, ina ihu, na sama suna cewa ka ji, ka ji, sun riƙe shi. Ya sake ja. Ya murɗa. Wani abu ya ba da ƙara a cikin gwiwar, idona ya yi fari fat. Daga nan kam na sha ruwa na gaskiya, don haka abin da suka matse daga cikina a bakin gaɓa, bayan sun kifa ni kan turmi, ba ƙarya ba ne.

Da na dawo hayyacina ina kwance kan yashi, mata na yi mini fifita da faifai, ana ta hamdala. Sun ga gorunan, sun yanke cewa da ba don su ba da gawa za a tarar, wata tsohuwa ma ta yi faɗan wanda ya bar ɗan boko ya shiga ruwa da 'yan goruna kamar na zuba fura. Masuntan tungarmu suka iso a guje, sarkin ruwa a bayansu. Na ce yauwa, ga wanda zai gaya musu. Ya dube ni, ya dubi gwiwar da ta fara hawa, ya dubi dattijon da ke zaune yana haki, ƙwaurinsa na jini inda dutse ya yanke shi. Ya je ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah shi biya. Duk waɗanda suka yi kwanaki suna kallona a kan duwatsu suka ce amin, babu wanda ya ƙara ko kalma.

Likita ya daɗe yana riƙe da ƙafar. Sannan ya ce jijiyar ta tsinke. Ya tambayi wanda ya ja ta bayan ya hana, na ce waɗanda suka cece ni. Ya zaci Hausarsa ce ta gaza, ya kira wata nas ta fassara, ta fassara, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Aka sa mini siminti tun daga cinya har idon sawu. Ya ce zan yi tafiya, in na yi sa'a ma ba za a lura da ɗingishin ba sosai. Gudu kuwa bai ambace shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Aka yi zaɓen Sakkwato ina kwance a ɗakin Inna. A rediyo na ji, an ɗauki wani yaron Zuru da na saba bari a baya tun kafin rabin hanya. Na juya fuskata bango na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Inna ta ɗauka firgicin ruwa ne ke dawo mini, ta kawo garwashi ta turara ɗakin. A waje kuwa gidan cike yake, don wannan karon ba dubiya kaɗai ba ce, har da barka da arziki. Labarin ya yi ta girma a hanya. A kasuwa an ce sai da aka yi nutso uku kafin a same ni. A tasha an ce an ga abin da ya riƙe ni, har da mai siffanta gashinsa. Duk wanda na gaya wa gaskiya sai ya gyaɗa kai ya ce Allah sarki, har yanzu bai gama dawowa ba.

Da aka fasa simintin, Inna ta ce saura godiya. A al'adar bakin ruwa wanda ya fid da kai daga ruwa ya zama ubanka, dole ka taka ka je har inda yake, ka durƙusa, ka kira shi Baba. Ta haɗa ƙwaryar goro da zakara da yadin shadda. Ta yi mamakin yadda na yarda ba gardama. Ba ta san na daɗe ina jiran ranar ba. Duk zaman da na yi a kwance jawabi nake shiryawa, na gyara shi, na wasa shi, na san inda zan fara da inda zan dire. So nake in ga fuskarsa lokacin da zai gane abin da ya yi.

Kawu ne ya raka ni. Muka hau jirgin inji muka nufi arewa, ina zaune a tsakiya da ƙafar a miƙe, sandata a gefe, zakaran na ta fama a ƙarƙashin benci. A hanya na karanta wa Kawu jawabin. Ya saurara har ƙarshe yana kallon ruwa, sannan ya tofar da goron bakinsa.

“To, ka hwaɗa mai. Kai ad da gaskiya. Amma ka sani, mutumin ga gobe in ya hangi kan mutum cikin ruwa, sai ya tsaya shi yi tambaya ko motsa jiki aka yi. Wanda za a tsaya yi ma tambayar kuwa, ba ka san ɗan wa na ba.”

Na ce wannan ba matsalata ba ce. Na ƙara cewa ni aka cuta. Ya ce ai bai ce ba ni ba ne. Haushinsa ya kama ni fiye da na kowa, don da ya yi gardama da na sami abin kamawa.

Zangon nasu 'yan bukkoki ne a kan tudun yashi, ga taruna a shanye, ga hayaƙin banda. Tun daga nesa aka gane mu, mata suka fara guɗa. Dattijon ya fito da sauri yana gyara wuyan wata tsohuwar riga, ya shiga ruwa har gwiwa ya tallafe ni ya sauko da ni da kansa, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Tabon yankan dutsen na nan a ƙwaurinsa. Ya shimfiɗa mini tabarmar da na tabbata ita kaɗai ce mai kyau a zangon. Da Kawu ya tura kayan gabansa sai ya ƙi taɓawa, ya ce kunya muke so mu ba shi, shi bai yi komai ba, kowa ya gani haka zai yi. Sai da aka yi ta roƙo ya ɗauki goro ɗaya, sauran ya ce a raba.

Jama'a suka kewaye mu. Na gyara zama, na share murya, jawabina na bakina. Sai ya riga ni. Ya nuna ƙafar da ke miƙe a gabansa, ya girgiza kai.

“Malam, ka gode Allah, ba ni ba. Ni ga ruwa aka haihe ni, na hidda mutane da dama, amma ban taɓa iske riƙo irin naka ba. Ƙahwag ga ta hagu abin yak kama. Ina ja shina ja, ina ja shina ja. Nic ce yau ko ni ko shi. Sai da nit tattara ƙarhina duka nim murɗa, nij ji ƙas, da kunnena, cikin ruwa. Sannan yas saki.”

Aka yi kabbara. Wata mata ta share hawaye da bakin mayafi. Duk ido ya dawo kaina, Kawu kuwa ya sami wani abu a ƙasa yana kallo. Na dubi fuskar mutumin nan ina neman ko ɗigon abin da zan riƙe, babu komai a cikinta sai murnar ganina da rai. Ban taɓa tsanar mutum ina kuma jin nauyinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Na yunƙura in durƙusa yadda ake yi, gwiwar ta ƙi lanƙwasa. Sai na zame daga tabarmar na zauna dirshan a kan yashi, ƙafar a miƙe gefe guda.

Na ce, “Allah shi saka da alheri, Baba.”

Ya ce amin, ya dafa kaina, ya ce kada in damu, ko gobe ya gan ni cikin ruwa haka zai yi.